Kan Tunkiya da Zuciyar Jarumi: Tarihin Zanen Jikin Ɗan Adam Daga Jalinusu Zuwa Superman

Kimiyya da Fasaha shiri ne da kan leƙa duniyar masana domin ya kawo muku abin da suka gano jiya da yau. A wannan makon shirin zai waiwayi tarihin yadda ake zana jikin ɗan Adam, tun daga littattafan likitocin zamanin da, har zuwa littattafan katun na jarumai irin su Superman da Batman da Iron Man, waɗanda yaranmu ke karantawa ko suke kallon finafinansu a waya da talabijin. Tambayar ita ce, shin abin da waɗannan zane-zane ke nunawa game da zuciya da jini da rauni gaskiya ne? Kuma in ba gaskiya ba ne, me ya shafe mu? Sai a gyara zama.

To madalla. Kafin mu yi nisa, mai sauraro, ɗora hannunka a inda zuciyarka take. Idan kai ma kamar yawancin mutane ne, to ka ɗora shi ne a gefen hagu, a kan nono ko ƙarƙashinsa. Haka muke gani a fim idan an harbi jarumi, haka kuma 'yan ƙwallo ke yi idan ana taken ƙasa. Amma zuciya, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana kwance ne a tsakiyar ƙirji, a bayan ƙashin ƙirji, tsakanin huhu biyu. Ta dai karkata zuwa hagu, kuma tsininta na ƙasa shi ne ke bugun haƙarƙarin hagu, shi ya sa muke jin bugun a can. Riƙe wannan a ranka, domin za mu dawo gare shi a ƙarshen shirin.

Tafiyar tamu za ta fara ne daga wata unguwa da ke kudancin birnin Doha na ƙasar Katar, mai suna Nu'aija. A yau unguwa ce ta gidaje da makarantu da kantuna, amma a farkon ƙarni na 20 wuri ne na rijiyoyi a wajen gari, inda mutanen Doha ke ɗebo ruwan sha. Sunan kansa a Larabci yana nufin 'yar tunkiya. To, ko ka san cewa tunkiya ta taɓa ruɗa likitocin duniya har tsawon shekaru fiye da 1,300? Labarin yana cikin irin tsofaffin littattafan likitanci na Larabci da a yanzu kowa zai iya buɗewa a wayarsa, ko yana Nu'aija ko yana Fagge, tun bayan da Katar da babban ɗakin karatu na Birtaniya suka ƙaddamar da taskar littattafai ta intanet a shekarar 2014.

Labarin ya fara ne da wani likita Bagirke da Turawa ke kira Galen, Larabawa kuma ke kira Jalinusu, wanda aka haifa a shekara ta 129 miladiyya a garin Pergamon da ke cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu. Ya fara aiki ne a matsayin likitan mayaƙan da ke gwabzawa da juna a dandali domin nishaɗin jama'a, saboda haka ya ga raunuka iri-iri. Sai dai a daular Rum ta wancan zamani ba a yarda a feɗe gawar mutum ba. Don haka Jalinusu ya koma ga birai da aladu da shanu da tumaki, yana feɗe su yana rubuta abin da ya gani, tare da ɗaukar cewa haka jikin mutum yake.

A cikin kan tunkiya ya tarar da wata raga ta ƙananan jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwa, sai ya rubuta cewa a nan ne ake tace ruhin da ke sa mutum ji da motsi. Tunkiya da saniya suna da wannan raga, amma ɗan Adam ba shi da ita. Kazalika ya ce muƙamuƙin mutum na ƙasa ƙashi biyu ne da suka haɗu a haɓa. Duk wanda ya taɓa cin langaɓu ranar Babbar Sallah ya san cewa a kan rago haka abin yake, amma a babban mutum ƙashi ɗaya ne tak. Daɗin daɗawa ya ce akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani a bangon da ya raba zuciya gida biyu, inda jini ke ratsawa daga dama zuwa hagu.

Waɗannan bayanai sun shiga Larabci a ƙarni na 9 a birnin Bagadaza, ta hannun shahararren mai fassara Hunain ibn Ishaƙ, wanda ya rasu a shekarar 873. Daga nan ɗalibi ya riƙa kwafa daga malami, mai zane yana kwafa daga mai zane. Amma an samu waɗanda suka ce gani ya kori ji. A wajen shekarar 1200 aka yi wata mummunar yunwa a Masar, inda wani malami kuma likita mai suna Abdullaɗif al-Bagadadi ya tarar da tarin ƙasusuwan mutane a kusa da Alƙahira. Ya duba ƙoƙon kai fiye da 2,000, kuma a kowanne ya ga muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne. Shekaru kimanin 40 bayan haka, wato a 1242, Ibn al-Nafis, mutumin Sham da ya yi aiki a Alƙahira, ya rubuta sharhi a kan littafin Ibn Sina, inda ya ce bangon zuciya ba shi da wata ƙofa, jini yana fita ne daga gefen dama ya tafi huhu ya haɗu da iska, sa'an nan ya dawo gefen hagu. Wannan bayani nasa ya daɗe a kwance ba a ba shi haƙƙinsa ba, sai a 1924 da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Taɗawi, ya ci karo da littafin a wani ɗakin karatu a birnin Berlin.

A ƙarshen ƙarni na 14 wani likita a birnin Shiraz na ƙasar Farisa, Mansur ibn Iliyas, ya fitar da littafi mai hotunan jikin mutum sukutum, shafi guda na ƙasusuwa, wani na jijiyoyi, wani na tsoka, wasu kuma na hanyoyin jini, duk da launuka. An yi ta kwafar wannan littafi ƙarni bayan ƙarni, ana maimaita siffar mutumin nan a tsugune da ƙafafu a buɗe, tare da abin da ke daidai a cikinsa da wanda ba daidai ba.

A Turai kuwa sai a shekarar 1543 aka samu juyin juya hali, lokacin da Andreas Vesalius, ɗan asalin birnin Brussels da ke koyarwa a jami'ar Padua ta Italiya, ya wallafa babban littafinsa a kan ginin jikin ɗan Adam. Shi kam da hannunsa yake feɗe gawa a gaban ɗalibai. Abin mamaki shi ne, shi kansa a 1538 ya zana ragar nan ta Jalinusu a cikin kan mutum. Daga baya ya amsa laifinsa, ya bayyana cewa saboda tsananin girmama Jalinusu yakan ajiye kan tunkiya ko na sa a gefe idan zai koyar, domin ya nuna wa ɗalibai abin da ya kasa samu a kan mutum. Ka ji ƙarfin hoto ke nan, mai sauraro. Mutum yana riƙe da gaskiya a hannunsa, amma idonsa na neman abin da ya saba gani a takarda.

To me ya haɗa wannan da Superman? A cikin littafin na Vesalius akwai hotunan mazaje da aka saɓule wa fata, suna tsaye cikin isa, kowace tsoka ta fito fili. Makarantun koyon zane a Turai da Amurka sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna koyar da ɗalibai da irin waɗannan hotuna. Da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Superman a shekarar 1938, rigar nan tasa mai manne wa jiki ta bai wa masu zane damar nuna tsoka kamar babu fata a kanta. Burne Hogarth, wanda ya fara zana Tarzan a jaridu a 1937, ya kasance cikin waɗanda suka kafa wata makarantar masu zanen katun a New York a 1947, kuma a 1958 ya wallafa littafin koyar da zanen tsoka da ƙashi da dubban masu zane suka yi amfani da shi.

Waɗannan jarumai ba su tsaya a Amurka ba. A 1964 aka fara buga Superman da Larabci a birnin Beirut, inda aka raɗa masa suna Nabil Fauzi, ya kuma shiga hannun yara a ƙasashen Larabawa. A Nijeriya kuma a 1975 aka fara buga mujallar wani baƙin jarumi mai suna Powerman, wanda wasu matasan Ingila biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, suke zanawa. A 2006 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Kuwait, Naif al-Mutawa, ya fito da nasa jaruman da ya kira The 99, waɗanda labarinsu ya samo asali daga rushe ɗakunan karatu na Bagadaza a 1258.

Saboda wannan gado, yawancin masu zanen katun sun san bayan jiki ƙwarai, ko da yake suna ƙara gishiri. Alal misali, idan ka lanƙwasa hannunka, tsokar gaban damtse ce ke ɗaurewa, ta baya kuma ta saki. A jikin jarumi kuwa dukkan tsokoki a ɗaure suke lokaci guda, abin da in ya faru a zahiri mutum ko motsi ba zai iya ba. Ga kuma ƙugun jarumai mata da ake zanawa siriri kamar na zanzaro, alhali ƙaramin hanji kaɗai ya kai tsawon kimanin mita 6, hanta kuma nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi, kuma duk sai sun samu wurin zama. Waɗannan dai ba su kashe kowa. Inda gizo ke saƙar shi ne cikin jiki, wato idan labari ya kai ga asibiti, domin a nan mai zane ba shi da gawa a gabansa, sai abin da ya gani a zanen wani ko a fim.

Mu fara da idon Superman, wanda aka ce yana ratsa bango da fata kamar na'urar ɗaukar hoton ƙashi, in ban da dalma. Batun dalma gaskiya ne, domin da ita ake kare ma'aikatan asibiti daga wannan haske da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895. Amma hoton ƙashi inuwa ce. Sai an harba hasken daga gefe guda, ya ratsa jiki, sa'an nan wani faifai ya tare shi a ɗaya gefen. Idon da ke fitar da hasken ba zai ga komai ba, sai dai ya yi ta dafa jikin wanda ake kallo.

Sai kuma Iron Man, wanda ya fito a 1963. A labarin, tarkacen bam ne ya shige masa ƙirji yana matsawa zuwa ga zuciya, sai aka ƙera masa wata na'ura mai maganaɗisu da ke hana ƙarfen isa. A nan masu zanen sun dace, domin sun sanya na'urar a tsakiyar ƙirji, daidai inda zuciya take. Sai dai ramin da finafinai ke nunawa an huda a ƙashin ƙirjinsa ya yi zurfin da zai cinye mazaunin zuciyar kanta. Bugu da ƙari, likitoci sun riga labarin warware wannan matsala. Tun a 1896 wani likitan fiɗa a Frankfurt, Ludwig Rehn, ya ɗinke zuciyar wani matashi da aka daɓa wa wuƙa, kuma ya rayu. A lokacin yaƙin duniya na biyu kuma wani likitan sojan Amurka, Dwight Harken, ya ciro harsasai da tarkacen bam daga cikin zuciya da kewayenta a jikin sojoji fiye da 130 ba tare da ya rasa ko mutum ɗaya ba.

Akwai inda katun ya faɗi gaskiya mai ɗaci. Doctor Strange, wanda shi ma ya fito a 1963, ƙwararren likitan fiɗa ne da ya yi hatsarin mota, jijiyoyin hannunsa masu kai saƙo suka lalace, ya kasa riƙe wuƙar tiyata. Haka abin yake a zahiri. Ƙashi yakan ɗoru cikin makonni, kamar yadda kowane maɗori zai shaida maka, amma jijiyar saƙo idan ta tsinke tana tsirowa ne da kimanin milimita 1 a rana, kuma sau da yawa ba ta komawa yadda take.

Game da jini kuwa, labaran sun ɗauke shi tamkar ruwan randa. A 1964 Spider-Man ya bai wa gwaggonsa jini, daga baya ta kwanta ciwo saboda gubar da ke cikinsa. A 1980 kuma aka ƙirƙiro She-Hulk, wadda ta zama ƙatuwa koriya bayan ɗan'uwanta Hulk ya ƙara mata jininsa cikin gaggawa, ba a asibiti ba. Ƙarfi da hali ba sa bin ƙarin jini, wannan tatsuniya ce. Abin da ke bin sa shi ne cuta, shi ya sa ake gwada kowace leda domin ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere. Kuma tun a 1901 Karl Landsteiner ya gano a Vienna cewa jini rukuni-rukuni ne, kuma idan aka ƙara wa mutum wanda bai dace da nasa ba, zai iya mutuwa cikin sa'o'i. Zama ɗan'uwa ba ya nufin jininku ɗaya. Iyayen masu sikila da matan da suka zubar da jini wajen haihuwa sun fi kowa sanin wannan.

Yanzu mu zo ga kai. Sau nawa ka ga jarumi ya naushi mai gadi, mai gadi ya faɗi sumamme, bayan ɗan lokaci ya miƙe yana sosa ƙeya? A shekarar 2011 wasu likitocin ƙwaƙwalwa a birnin Düsseldorf na Jamus suka zauna, rabi wasa rabi gaske, suka ƙirga raunukan kai a cikin littattafai 34 na Asterix, jarumin katun na Faransa. Sun samu 704, kuma babu ko ɗaya da ya mutu ko ya nakasa. A zahiri kuwa suma bayan bugu a kai alama ce ta cewa ƙwaƙwalwa ta girgiza. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma akwai wata jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta fashe, mutum zai iya farfaɗowa ya yi magana garau, har ya ce a bar shi ya tafi gida, alhali jini na taruwa yana matse ƙwaƙwalwa. Bayan wasu sa'o'i sai ya kwanta barcin da ba zai tashi ba. Saboda haka ɗan dambe ko ɗan acaɓa da ya suma bayan bugu a kai, asibiti ne wurinsa, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau, musamman in yana amai ko ciwon kan na ƙaruwa ko barci na fizgarsa.

Haka batun yake ga gadon baya. A 1993 wani mugu mai suna Bane ya karya bayan Batman, amma kafin wani dogon lokaci an warkar da shi ta hanyar siddabaru ya koma bakin aiki. Sai dai a 1988 Brian Bolland, wato wancan mai zanen Powerman na Nijeriya, ya zana labarin da aka harbi Batgirl a laka, kuma ta zauna a keken guragu fiye da shekaru 20 a cikin labaran, tana yaƙar miyagu da kwamfuta. Wannan ya fi kusa da gaskiya, domin laka idan ta tsinke ba ta ɗoruwa. Hoton da ya fi haɗari shi ne na jarumin da ke sungumar wanda ya ji rauni a hannu biyu, kai na reto. Irin wannan ɗauka muke gani a hanyoyinmu idan an yi hatsari, jama'a cikin tausayi su ja mutum ta hannu da ƙafa su cusa a mota. Ƙashin wuya da ya tsage zai iya gocewa a wannan lokaci ya datse lakar. In ba wuta ko wani haɗari ke tafe ba, a bar shi a inda yake, wani ya tallafe kan kada ya motsa, in kuma tilas ne a ɗauka, a sa shi a kan katako miƙaƙƙe. Wuƙa ko ƙarfen da ya soki mutum ma ba a zare shi kamar yadda jarumi ke yi yana cije haƙora, domin wataƙila shi ne ya toshe jijiyar da ta yanke.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A Japan, Osamu Tezuka, wanda ake ɗauka uban katun na ƙasar, likita ne da ya yi karatu a Osaka. Daga 1973 zuwa 1983 ya zana labaran wani likitan fiɗa mai suna Black Jack, kuma ko da yake labaran cike suke da abubuwan al'ajabi, hanta da hanji da kayan tiyata da ke ciki zane ne na wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin fiɗa. A 2007 kuma wani likita ɗan Birtaniya mai zane, Ian Williams, ya raɗa wa wannan fanni suna, kuma daga baya wasu makarantun likitanci suka shiga amfani da katun wajen koyarwa.

To jama'a, mu koma ga zuciya. Babu hoton da aka fi maimaitawa kamar na allon asibiti da layinsa ya miƙe ɗoɗar, likita ya ɗauko faranti biyu na lantarki ya danna, majiyyaci ya zabura ya buɗe ido. Wannan ma kan tunkiya ne, wani ya zana, saura suka kwafa. Na'urar, wadda Claude Beck ya fara ceton mutum da ita a Cleveland a 1947, ba ta tayar da zuciyar da ta yi shiru. Aikinta shi ne idan zuciya ta rikice tana karkarwa ba tare da tura jini ba, sai lantarkin ya tsayar da ita cak na ɗan lokaci domin ta sake kama bugu daidai. Idan layin ya miƙe, abin da ake yi shi ne danna ƙirji da kuma allura. Dabarar danna ƙirji kuwa a 1960 ne wasu masana uku a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka bayyana ta ga duniya. A 1996 wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta New England ya duba shirye-shiryen asibiti na talabijin a Amurka, ya ga kashi 75 cikin 100 na waɗanda zuciyarsu ta tsaya suna farfaɗowa nan take. A zahiri, ko a ƙasashe masu arziki, kimanin mutum 1 cikin 10 ne ke tsira idan abin ya faru a wajen asibiti, kuma galibi wanda ya samu mai danna masa ƙirji da wuri ne, domin ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba jini.

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa ba za su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasa da Angola, ko Marc-Vivien Foé na Kamaru da ya faɗi a birnin Lyon ranar 26 ga Yunin 2003. Dukkansu ba su tashi ba. Ranar 12 ga Yunin 2021 kuma zuciyar Christian Eriksen na Denmark ta tsaya a tsakiyar fili a Copenhagen. Nan take aka shiga danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar lantarki, ya dawo. An dasa masa ƙaramar na'ura a ƙirji, kuma ranar 22 ga Nuwamban 2022 ya buga wa ƙasarsa wasa da Tunisiya a gasar cin kofin duniya a Katar, a filin wasa na Education City, unguwar da babban ɗakin karatu na ƙasar yake, tare da makarantar likitanci ta Weill Cornell da ta fara ɗaukar ɗalibai a 2002.

Saboda haka mai sauraro, idan babban mutum ya faɗi a gabanka, ka kira shi ka girgiza kafaɗarsa bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko yana wani irin gurnani jefi-jefi, kada a tsaya yayyafa ruwa ko ɗura masa wani abu a baki. Wani ya kira motar asibiti, lambar ita ce 999 a Katar, 112 a Nijeriya. Kai kuma ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, a rabin ƙashin ƙirji na ƙasa, ɗaya hannun a kan ɗaya, ka danna da ƙarfi har ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kada ka tsaya sai taimako ya zo, in ka gaji wani ya karɓe ka. Ko haƙarƙari ya karye, zai ɗoru. In akwai na'urar lantarki ta zamani a kusa, irin wadda ake ratayewa a filayen jirgin sama, a kunna ta, ita da kanta za ta faɗi abin da za a yi, kuma ba za ta saki wuta ba sai ta ga akwai buƙata. Wanda ya danna gefen hagu saboda can ya ga jarumi na dafewa, ya bar zuciyar a inda take.

Babu mai cewa a ƙwace wa yara littattafan katun, domin da yawa daga nan suka fara son karatu, wasu ma daga nan suka fara sha'awar aikin likita. Amma idan Babbar Sallah ta zo aka feɗe rago, a kira su su ga inda zuciya ke kwance tsakanin huhu biyu, a kuma ba su labarin Jalinusu da abin da kan tunkiya ya jawo masa. In kuma ƙungiyar agaji ko asibitin garinku na koyar da taimakon gaggawa, a je a koya, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

To jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya a shirin namu na wannan mako. Kuna iya aiko mana da tambayoyinku ko ƙarin bayani kamar yadda kuka saba. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.